Ƙwallon Gora a Kan Ƙanƙara: Gasar Mata ta Duniya da Abin da Take Nema a Jikin 'Yar Wasa

Gabatarwa

Wanda bai saba ganin ƙanƙara ba sai a cikin firji, ko kuwa ranar da ta zubo tare da ruwan sama, zai yi mamakin jin cewa akwai ƙasashen da ake shimfiɗa ta a matsayin filin wasa. Daga cikin wasannin da ake yi a kanta akwai ƙwallon gora, wanda mata suka shiga gasarsa ta duniya tun shekarar 1990. Wannan maƙala za ta bayyana yadda wasan yake da tarihin gasar a taƙaice, sa'an nan ta duba abin da ke faruwa a tsoka da jini da ƙwaƙwalwar 'yar wasa.

Yadda Wasan Yake

Filin da aka fi amfani da shi a ƙasashen Turai yana da tsawon mita 60 da faɗin mita 30, kuma an kewaye shi da katanga. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa shida, biyar a fili, ɗaya mai tsaron gida. Maimakon ƙwallo, ana buga wani baƙin faifai ne na roba mai tauri, mai faɗin milimita 76 da nauyin giram 156 zuwa 170. Akan daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Ana yin zango uku, kowanne minti 20.

A ƙarƙashin takalmin 'yar wasa akwai siririn ƙarfe mai kaurin kimanin milimita 3. An daɗe ana koyar da cewa nauyin mutum ne ke narkar da ƙanƙara a ƙarƙashin ƙarfen har ta yi santsi. Lissafi ya nuna wannan dalili bai wadatar ba, domin ana iya zamiya ko da sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, ƙwayoyin ruwan da ke can saman ƙanƙara ba su ɗaure da juna sosai ba, suna motsi kamar ruwa, kamar yadda Michael Faraday ya yi hasashe tun tsakiyar ƙarni na 19. Zafin gogayyar ƙarfe da ƙanƙara kuma yana ƙara santsin.

Tarihin Gasar a Taƙaice

Mata sun fara wannan wasa a Kanada tun wajen shekarar 1890, amma sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin Hukumar Ƙwallon Gorar Ƙanƙara ta Duniya, wadda aka kafa a 1908, ta shirya musu gasa. An yi ta farko a birnin Ottawa a 1990, ƙasashe takwas suka shiga, Kanada ta doke Amurka da ci 5 da 2 a wasan ƙarshe.

A 1998 aka shigar da wasan matan cikin Gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Nagano ta ƙasar Japan, inda Amurka ta rama da ci 3 da 1. Daga nan Kanada ta karɓi lambar zinariya sau huɗu a jere, a 2002 da 2006 da 2010 da 2014. Amurka ta ƙwace a 2018, Kanada ta sake karɓa a 2022. Marie-Philip Poulin ta Kanada ta ci ƙwallo a wasannin ƙarshe huɗu, daga 2010 zuwa 2022. Ita kuwa Hayley Wickenheiser, wadda ta sami zinariya huɗu da azurfa ɗaya, bayan ta ajiye sanda sai ta kammala karatun likita.

Tsoka da Makamashinta

Abin da ya fi ɗaure wa baƙon kallo kai shi ne yadda ake sauya 'yan wasa ba tare da an tsayar da wasa ba. In ban da mai tsaron gida, da wuya 'yar wasa ta wuce minti ɗaya a fili ba ta fita wata ta shigo ba. Dalilin haka yana cikin tsoka.

Tsoka ba ta motsi sai da wani sinadari da ake kira ATP, kuma abin da take ajiyewa daga gare shi ba ya wuce na 'yan daƙiƙoƙi. Jiki yana da hanyoyi uku na sabunta shi. Ta farko ita ce ta sinadarin fosfokiriyatin, wadda ta fi sauri, amma takan yi ƙasa ƙwarai cikin kimanin daƙiƙa 10 na gudu iya ƙarfi. Ta biyu ita ce farfasa sukarin da ke ajiye a tsoka ba tare da jiran iskar oksijin ba. Wannan hanya tana ɗaukar 'yar wasa na ɗan lokaci, sai dai tana tare da taruwar sinadarin laktet da ƙaruwar tsami a cikin tsoka, daga nan ƙafa ta yi nauyi, sauri ya ragu. Ta uku ita ce ƙona abinci da oksijin, wadda ba ta da sauri amma tana daɗewa.

Idan 'yar wasa ta zauna hutu, hanya ta uku ce ke biyan bashin da biyun farko suka ci. Kusan rabin fosfokiriyatin yakan dawo cikin daƙiƙa 30, mafi yawan sauran kuma cikin minti 3 zuwa 5. Saboda haka ƙarfin tsoka kaɗai bai isa ba. Wadda zuciyarta da huhunta suka fi horuwa ita ke saurin farfaɗowa, kuma a zango na uku bambancin ke fitowa fili.

Jini da Gumi

Oksijin yana isa ga tsoka ne ta hanyar himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, shi kuma ba ya ginuwa sai da sinadarin ƙarfe. Mata suna rasa wani kaso na wannan sinadari a jinin al'ada, don haka ƙarancinsa ya fi yawa a tsakaninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mace marar ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan himogulobinta ya gaza giram 12 a kowace desilita. 'Yar wasan da ta faɗa wannan hali za ta riƙa haki da wuri, komai horonta.

Haka nan sanyin fili ba ya hana gumi. Kusan kashi uku cikin huɗu na makamashin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama, ga kuma kayan kariya masu kauri da ke tare shi. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa idan iska na bugun ta. Wanda ya maƙale a cikin tufafi hasarar ruwa ne kawai, shi ya sa ake shan ruwa a kowane hutu.

Ƙwaƙwalwa da Haɗarin Karo

A gasar 1990 an yarda 'yar wasa ta bangaje abokiyar hamayya da jiki don ƙwace faifai, kamar yadda maza ke yi, amma bayanta aka hana. Duk da haka, ƙididdigar wasannin jami'o'in Amurka ta nuna wannan wasa yana cikin waɗanda mata suka fi samun jijjigar ƙwaƙwalwa.

Ƙwaƙwalwa tana cikin ruwa ne a ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya ko ya juya farat ɗaya, sai ta motsa a ciki, zaren jijiyoyinta su miƙe, aikinsu ya rikice. Hular kwano tana kare ƙashi daga fashewa, amma ba ta hana wannan motsi. Alamomin sun haɗa da ciwon kai, jiri, mantuwa da amai, kuma ba lallai ne a suma ba. Ƙa'idar likitoci ita ce a fitar da 'yar wasa nan take, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari.

A nan ra'ayi ya rabu. Wasu suna ganin hana bangaza yana rage rauni. Wasu kuma suna cewa wadda ba a koya wa karo ba takan sunkuyar da kai tana duban faifai, karon ya same ta ba shiri. Gasar mata ta ƙasar Suwidin ta halatta wani nau'in bangaza daga 2022, kuma gasar ƙwararru ta Arewacin Amurka da aka fara a 2024 ta yarda da haɗa jiki fiye da da.

Giɓin da Ke Tsakanin Ƙasashe

Daga 1990 zuwa 2025 babu ƙasar da ta ci gasar duniya ta mata sai Kanada ko Amurka. A Olamfik ta 2010 Kanada ta ci Sulobakiya 18 da nema, har shugaban Kwamitin Olamfik na lokacin, Jacques Rogge, ya yi gargaɗin cewa dole a sami gyara idan ana son wasan ya ɗore a gasar.

Wannan fifiko ba daga halitta yake ba. Tsokar 'yar Kanada da ta 'yar Japan da ATP iri ɗaya suke aiki. Bambancin yana ga yawan filaye, da dubun-dubatar 'yan matan da ke farawa tun suna ƙanana, da gasar jami'o'i, da kuɗin horo. Inda aka samar da waɗannan, giɓin yakan ragu. Suwidin ta fitar da Amurka a wasan kusa da na ƙarshe a Olamfik ta 2006. Finlan ta doke Kanada a 2019 ta kai wasan ƙarshe, Jamhuriyar Cek kuma ta sami tagulla a 2022 da 2023.

Kammalawa

Ɗalibin ilmin halittu zai ga cewa dokokin wannan wasa da tsarin jiki tafe suke tare. Sauyin 'yan wasa ya samo asali ne daga iyakar makamashin tsoka, muhawarar bangaza kuma daga raunin ƙwaƙwalwa. Darasin sinadarin ƙarfe da shan ruwa da fitar da wanda ya bugu a kai kuwa bai tsaya ga ƙanƙara ba, ya shafi duk mai wasan motsa jiki a kowane irin fili.