Idan An Canza Maganin Bitamin a Asibiti

A ɗakin ba da magani akan canza bitamin ɗin da likita ya rubuta idan ya ƙare. Canjin kamfani, ko ba da na ruwa a maimakon ƙwaya, ba ya cutarwa muddin ƙarfin maganin ɗaya ne. Lambar da ke jikin kwali ita ce abin dubawa.

Folik asid ya fi buƙatar lura. Na mai juna biyu maikirogiram 400 ne a rana, galibi haɗe da maganin ƙarin jini. Akwai kuma ƙwayar miligiram 5, wadda aka saba ba masu ciwon sikila, kuma ta ninka ta farko fiye da sau goma sha biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa miligiram 5 kullum yana rage ƙarfin Fansidar, rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki a wurin awo. A bakin Tafkin Kainji, inda sauro ya yi yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ma bitamin A na yara kala biyu ne: shuɗi na wata 6 zuwa 11, ja mai ninkin ƙarfinsa na wata 12 zuwa 59.

Wanda ya taso daga Ngaski ko Shanga zuwa Babban Asibitin Yauri, ya kamata ya nuna takardar likita, ya tambayi ƙwaya nawa zai sha, a rubuta masa a jikin leda kafin ya kama hanya.