Itacen Da Ya Zama Dutse: Yadda Masana Ke Tabbatar Da Shi

Wani lokaci masu haƙar rijiya ko kuza sukan tono dutse mai kama da guntun itace, ko mai zanen ganye. Nan da nan sai labari ya bazu, wai akwai kwal a ƙarƙashin wurin, har a fara zawarcin gonakin talakawa. Ya kamata hakimai da malamansu su san yadda ake rarrabe gaskiyar irin wannan magana.

Lalle itace yakan zama dutse in yashi ko laka suka binne shi shekaru miliyoyi. An sami irinsa wajen Gundumi a ƙasar Sakkwato, da wajen Illo a ƙasar Kabi. Kwal ɗin da aka gano a Udi, kusa da Inugu, cikin 1909, shi ma ragowar tsire-tsire ne. Amma yawancin duwatsun Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa wani iri ne dabam. Na Riruwai, inda kuza take, narkakken dutse ne ya daskare, ganye kuwa ba ya saura cikinsa. Zanen da akan gani jikin dutse sau da yawa tsatsar ma'adini ce kurum.

In masani ya ce ya sami irin wannan itace, sai ya yanko ɗan siririn ɓari, ya duba da madubi mai ƙara girman abu, ya rubuta bayani, ya aika wa editan mujallar masana. Edita zai ba masana biyu ko uku su duba, galibi ba a faɗa wa marubucin sunansu. Su kuwa sai su tambaya: ina aka samo shi? Cikin wane irin dutse? Hujjar ta isa? Daga nan a karɓa, ko a mayar a gyara, ko a ƙi. Dalili, laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani.

Saboda haka in aka kawo wa hakimi irin wannan dutse, kada a farfasa shi. Malami ya rubuta sunan wurin da zurfin ramin da ranar da aka samu, a aika wa Hukumar Binciken Duwatsu, wadda asalinta aka kafa tun 1919. Kafin amsa ta zo, hakimi ya gargaɗi dagatai kada kowa ya sayar da gonarsa a kan jita-jita.