Tiyatar Rage Faɗin Kewayen Kan Nono: Matsalar Suna da Ma'ana a Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tiyatar kwalliya da ake yi domin rage faɗin fatar da ta kewaye kan nono, da kuma matsalar sanya mata suna a Hausa. An nuna cewa lafazin "kan nono" bai wadatar ba, domin ya haɗa sassa biyu masu aiki mabambanci.

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce "kan nono", yakan nufi tsinin da jariri ke kamawa, wani lokaci kuma har da da'irar fata mai duhu da ta zagaye shi. Kunya ta sa ba a cika tsawaita bayani a nan ba. Ilimin likitanci kuwa ya raba su. Da'irar ita ake kira "areola", kalmar Latin mai ma'anar ɗan ƙaramin fili. A kanta akwai 'yan ƙulle-ƙulle masu fitar da maiƙon da ke kare fata lokacin shayarwa, waɗanda likitan haihuwa ɗan ƙasar Ayilan, William Montgomery, ya bayyana a 1837.

2.0 Yadda Aikin Yake

Da'irar kan faɗaɗa sakamakon balaga, juna biyu, shayarwa ko sauyin ƙiba. A wasu kuma halitta ce. Mai tiyata yakan zana da'ira biyu, ta ciki mai faɗin kimanin santimita 4, sannan ya cire saman fatar da ke tsakaninsu, mai siffar zobe. Daga nan sai ya tsuke gefen waje da zare, kamar yadda ake zuge mazagin wando, ya ɗinke shi da na ciki. Likitan Faransa, Louis Benelli, ya shahara da wannan dabarar tsukewa tun bayan da ya wallafa ta a 1990.

Aikin yakan bar tabo a zagaye, kuma tabon na iya buɗewa, da'irar ta sake faɗi. Jin taɓi ma na iya raguwa. Sai dai hanyoyin ruwan nono ta tsinin suke fita, don haka yankan da ya tsaya a saman fatar da'ira galibi ba ya kai gare su, alhali tiyatar rage tsinin kansa na iya yanke su.

3.0 Zaɓen Suna

Nan ne harshe ya zama abin damuwa. Idan tafinta ya ce wa mace za a "rage kan nono", ba ta san wanne daga cikin ayyukan biyu ta amince da shi ba, ga shi kuwa ɗaya na iya hana ta shayarwa. Aron kalmar a matsayin "ariyola" ba ya nuna wa mai sauraro komai. "Baƙin nono" kuma ya dogara da launi, wanda ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Saboda haka maƙalar ta zaɓi "tsinin nono" ga sashen da jariri ke tsotsa, da "kewayen kan nono" ga da'irar.

4.0 Kammalawa

Sakaya magana ado ce a zancen Bahaushe, amma ba ta da gurbi a takardar amincewa da tiyata. Ya kamata manazarta harshe da likitoci su daidaita waɗannan sunaye biyu, su kuma gwada su a bakin masu jin Hausa kafin a shigar da su ƙamus.