Darasi: Abin da Yakan Sa Bindigar Farauta Ta Ƙi Tashi

'Yan'uwa manoma, da zarar masara ta fara nuna sai birai da gyado su dame mu, shi ya sa waɗansu cikin ƙungiyoyinmu da ke da bindiga da lasisi sukan kwana gadin gona. Kowane maharbi kuwa ya taɓa gamuwa da wannan: ya auna, ya ja kunama, sai ya ji ƙyas, shiru. Nan da nan sai a ce an ɗaure bindigar, ko naman yana da ƙwari. Ni ban yarda da wannan ba. Bindiga ƙarfe ce, in ta ƙi tashi dalilin yana jikinta, ko a harsashi, ko a hannun mai riƙe da ita.

Zan ɗauki misali da wata irin bindiga ta maharban Turai. Da wuya a gan ta a ƙauyukanmu, gama tana da tsada ƙwarai, amma dalilan suna fitowa fili a jikinta, yawancinsu kuma sun shafi namu.

A bayan bututun wannan bindiga akwai ƙarfen da ke tura harsashi ciki ya kulle shi. Bari mu kira shi sakata, domin aikinsa ɗaya ne da sakatar ƙofa. A yawancin bindigogi masu sakata sai an ɗaga hannunta sama, a ja baya, a tura gaba, a kwantar da shi ƙasa, motsi 4 ke nan. A wannan kuwa motsi 2 ne kawai: a ja baya sak, a tura gaba sak. Dabarar ba sabuwa ba ce. Sojan Switzalan sun karɓi irinta a 1889, na Ostiriya kuma suna da ta Mannlicher ta 1895. Kamfanin Blaser na Jamus ya fito da ta farauta mai suna R93 a 1993, da R8 a 2008. Maharban can suna son ta domin saurin sake harbi sa'ad da aladun daji suka fito a guje.

Cikin sakatar akwai allura, da sifirin a bayanta. A gindin harsashi kuma akwai ɗan ido mai ɗauke da maganin da ke kama wuta in an buge shi. Ka ja kunama, sifirin ya harba allura, allura ta bugi idon, wuta ta kama albarushi. In ɗaya ya kasa, ba harbi.

Babban dalilin ƙin tashi a irin wannan bindiga shi ne sakata ba ta rufu sarai ba. A mai juyawa, ido yana ganin hannun sakata ya kwanta ko bai kwanta ba. A mai tafiya sak, tsakanin rufaffiya da wadda ta kusa rufuwa ɗan kaɗan ne, ba lalle mutum ya lura ba. Maharbi yana laɓe, ba ya so nama ya ji motsi, sai ya tura sakatar a hankali, ya bar ta ba ta kai ƙarshe ba. Ko kuwa ya rufe ta daidai, amma a hanya reshe ko hannun riga ya kama hannun sakatar ya ja shi baya kaɗan. Sa'ad da ya ja kunama, ƙarfin sifirin yakan ƙare wajen ƙarasa rufe sakatar, ko kuma wani ƙarfe ya tare allurar, sai ta taɓa idon harsashi sama-sama. Maganin wannan shi ne a tura sakata da ƙarfi har ƙarshe, a kuma sake danna ta gaba da tafin hannu kafin a auna.

Wani abu kuma, hannun sakata mai juyawa yana matse harsashi ciki da ƙarfi kamar yadda ake ɗaura noti. Mai tafiya sak ba ta da wannan ƙarfi sosai. Saboda haka 'yar ƙasa a mazaunin harsashi, ko kwanson da ya lotse, ko tsohon kwanson da aka sake cikawa ba a mai da shi girmansa ba, ya isa ya hana ta rufuwa.

Ku lura, masu ƙera ta da gangan suka yi ta haka. Matsin da ke cikin bututu lokacin harbi ya fi na iskar tayar mota fiye da sau 1,000, abin da ke tsakanin wannan matsi da fuskar maharbi kuwa sakata ce kaɗai. Sojan Kanada sun shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da wata mai tafiya sak da ake kira Ross. A 1915 laka da datti sun riƙa cije ta a bakin daga, har aka karɓe ta daga hannunsu a 1916. Mugun aibinta shi ne ana iya kwance sakatarta a mayar ba daidai ba, ta rufu ba ta kullu ba, amma ta harba, sakatar ta komo wa mai ita a fuska. Don haka bindigar da ta ƙi tashi domin ba ta kullu ba, alheri ta yi wa mai ita. Kada kowa ya kai bindiga wurin maƙeri ya ce a goge wani ƙarfe domin ta riƙa tashi ko ta yaya.

Dalili na biyu datti ne da mai. A Turai sanyi ke daskarar da man da ke kewaye da allura. A nan ƙurar hunturu ce ke gauraya da shi ya zama kamar ƙaro, allura ta tafi da nauyi. Na sha ganin masu shafa wa bindiga man gyaɗa ko baƙin man mota. Man gyaɗa yakan yi danƙo in ya daɗe, baƙin mai kuwa dattin inji ne a cikinsa. Ɗigon man keken ɗinki, a goge da tsumma, ya fi su. Sifirin ma yana gajiya, bakin allura yana cinyewa ko ya karye, wannan aikin gwani ne.

Sa'an nan harsashin kansa. Laima, da zafi, da daɗewa, da man da ya tsiyaya cikin idonsa, duka suna kashe shi. Wanda ba na bindigar ba kuma yana iya zurmawa ciki har allura ta kasa kai masa, in ya tashi kuwa haɗarin ya fi. Idon harsashi yakan ba da shaida. In rami mai zurfi ne a kansa, laifin harsashi ne. In alamar sama-sama ce, a dubi sakata da allura. In ba alama sam, allura ba ta fito ba ke nan.

Amma kafin a kai ga duban nan akwai abin da ya fi duka muhimmanci. Wani harsashi ba mutuwa ya yi ba, jinkiri ne. Wuta ta kama tana ci a hankali, bayan ɗan lokaci sai ya tashi. Saboda haka in ka ji ƙyas, kada ka sauke bindiga, kada ka juya ka yi wa abokinka magana da ita a hannu, kada ka leƙa bakinta. Ka bar ta tana duban inda ba kowa, ka jira aƙalla daƙiƙa 30, sa'an nan ka buɗe, fuskarka a gefe. Mai bindiga mai tafiya sak ya fi kowa bukatar wannan haƙuri, gama hannunsa ya saba da fizge sakata ba tunani. Mai bindigar toka ya jira minti 2, domin albarushi mai laima ya fi jinkiri. Kada ya hura bakinta, kada kuma ya ƙara ɗuri a kan wanda bai tashi ba. Ɗuri biyu a bututu ɗaya, balle bututun famfo, shi ke raba mutum da yatsunsa.

Haka kuma in ƙarar ta fito ba ƙarfi kamar yadda aka saba, a dakata. Mai yiwuwa dalma ta tsaya a tsakiyar bututu, harbi na biyu zai fasa shi. A cire harsashi duka, a duba daga baya, a ga haske ya wuce. Bindigar da ta daɗe a rataye ma a duba ta haka, gama zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki.

Wani zai ce me ya kawo zancen bindiga a takardar ikilisiya? A Kubawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina gida ya yi wa rufinsa katanga, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kan gidan. Watau sakaci ma laifi ne, ko da mutum bai yi niyyar mugunta ba. Mai gadin gona da dare ba shi kaɗai ba ne a daji. Akwai makiyayi, akwai maƙwabci, akwai yaron da aka aiko da tuwo. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 kuma ta ce sai da lasisi.

Harsashin da ya ƙi tashi kada a sa shi aljihu, kada a jefa shi wuta, kada a yar inda yara za su tsinta. Masu kyau kuma a ajiye su cikin gwangwani mai murfi, sama da ƙasa, nesa da murhu, a kulle dabam da bindiga. A taronku na gaba shugaba ya karanta wannan darasi, masu bindiga su faɗi irin man da suke shafawa da inda suke ajiye albarushi da damina. Kada a zo da bindigogin wurin taro.