UBA YA FAƊO AJI DA FAƊA: INA SHUGABAN MAKARANTA ZAI TSAYA?



Abin da kaina ya faru, a wata Islamiyya da na koyar a nan Gusau. Wani yaro ya yi kwana uku bai kawo hadda ba, sai na tsare shi bayan an tashi. Ina ta sauraren karatu, ban ankara ba magariba ta kawo kai. Sai ga mahaifinsa ya faɗo aji, ko sallama babu: "Malam, mi yaron ga ya yi maka? Wa ya ce ka riƙe min ɗa har war haka?" Har da nuna ni da yatsa a gaban yara. Wallahi raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan rama.

Shugabanmu dattijo ne. Ya zo ya riƙe hannun mutumin, ya ce, "Alhaji, bismillah, mu je ofis." Ni kuma ya ce in sallami yaran in same su. Ya ba shi ruwa, ya ƙyale shi ya amayar da abin da ke cikinsa. Ashe daga wani ƙauyen Tsafe suka gudo saboda 'yan bindiga, kuma tun da sauran yaran unguwa suka koma gida ba nasu, uwar yaron take kuka. Mutumin da ya ji an kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, aka sake ɗibar ɗalibai a Kaya ta Maradun a Satumba, har aka rufe makarantun jihar, za ka ce masa don hadda ka riƙe ɗansa? Jikina ya yi sanyi.

Dattijon bai rufa min asiri a kan kuskurena ba. A nan ya yanke cewa ba a ƙara tsare yaro bayan tashi sai an sanar da gida. Sannan ya juya ga uban: "Kana da gaskiya, Alhaji, amma ka zubar da girman malamin ɗanka a gabansa. Gobe wa zai saurara?" Washegari mutumin ya dawo, muka gaisa hannu da hannu a ƙofar aji, yara suna kallo.

Wani abokina a wata makarantar kuɗi a Bungudu bai samu irin wannan ba. Yaro ya kai ƙara gida, uba ya zo, mai makaranta bai ko tambayi malamin ba, ya sa shi ba da haƙuri a gaban aji. Dalili? Uban 'ya'ya huɗu yake biya wa. Zangon bai ƙare ba abokina ya ajiye alli ya koma kasuwa, domin ajin ya daina jin maganarsa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin aiki da labari. Yaro ba lallai ƙarya ya yi ba, amma rabin zance yake kaiwa gida.

Malamanmu na Malikiyya sun riga mu tunanin wannan. Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, ya rubuta Adabul Mu'allimin, inda ya iyakance horo: kada bulala ta wuce uku sai da izinin uba, ba a dukan kai ko fuska, kuma a daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Wato an shata iyakar malami da ta uba tun rigima ba ta taso ba. Mu kuwa sai mu karɓi yaro da kuɗin fom kawai, ba wanda ya zauna da uban.

Malam, idan uba ya taso maka, kada ka amsa a gaban ɗalibai, ko da kai ke da gaskiya. Ka ce, "Mu je wajen shugaba." Ka rubuta abin da ya faru a ranar, da lokacin, da waɗanda suka gani, don baki yana mantuwa. In kai ka yi kuskure, faɗe shi da kanka kafin a tono.

Kai kuma shugaba, in malaminka ya yi laifi ka gyara shi a ofis, ƙofa a rufe. In uban ne ya wuce gona da iri, faɗa masa, ko da zai kwashe 'ya'yansa.

Yaron nan dai ya kawo haddarsa a wannan makon. Daga baya na gane tun da suka baro ƙauye ba shi da Alƙur'ani nasa, aro yake yi a maƙwabta.