Yadda Ake Duba Tsohuwar Mota Mai Ƙofa Biyu Kafin A Biya Kuɗi

Mai neman tsohuwar mota a Rogo Ruma da ƙauyukan da ke kewaye yakan fara da sauraren inji. To inji ana sauke shi a sa wani, amma bodin da ya ruɓe ko ya karkace ba ya komawa daidai. Don haka jikin motar za ka fara dubawa, musamman in mai ƙofa biyu ce.

Da farko ka tantance irin ƙirar da ke gabanka. Akwai a-kori-kura irin Peugeot 404 da 504, masu gidan direba a gaba da wurin kaya a baya. Kamfanin PAN na Kakuri a Kaduna, wanda ya fara haɗa Fijo a 1975, shi ya cika Arewa da su. Akwai Volkswagen Beetle mai ƙusumbin baya, wadda ita ma aka fara haɗawa a Legas a 1975, injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba ta da lagireto. Akwai Golf 2 da Golf 3 masu ƙofa biyu da murfin baya mai ɗagawa sama. Sai kuma masu zubin ƙawa, irin Toyota Celica da Honda Prelude, masu gajeren rufi da matsattsen kujerar baya. Waɗannan na ƙarshe, a ganina, ba motocin hanyar gona ba ne, cikinsu ya yi ƙasa.

Daga nan sai ƙofa, kuma nan ya kamata ka daɗe. Ƙofar irin su Golf da Celica ta fi ta mai ƙofa huɗu tsawo da nauyi, domin ta nan na baya ma ke shiga. Buɗe ta rabi, ka kama ƙarshenta daga ƙasa ka ɗaga. In ta yi wasa sama da ƙasa, maƙalarta ta cinye. Rufe ta a hankali: ƙofa mai lafiya da turi ɗaya take kamawa, ba sai an ɗaga an buga ba. Sannan ka bi ratar da ke tsakanin ƙofa da bodi da yatsa, daga sama har ƙasa. In ta buɗe a sama ta matse a ƙasa, wataƙila motar ta taɓa faɗuwa an miƙe ta, ko lodi ya lanƙwasa ta.

Kwantar da kujerar gaba, ka shiga baya da kanka, ka fito. In abin kwantarwar ya karye an ɗaure da waya, ka tuna ranar da za ka ɗauki tsohuwa ko mai juna biyu zuwa asibitin Rogo ko Ƙaraye.

Sai tsatsa. Je da ɗan maganaɗisu, ka naɗe shi a ƙyalle, ka bi ƙasan ƙofofi da gefen tayoyi. Inda ya ƙi kamawa, an cike rami ne an shafe da fenti. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka ga ƙarfen da idonka. A Beetle, ɗaga kujerar baya, nan batir yake, kuma ruwansa ya saba cinye ƙasan wurin. A a-kori-kura kuwa, kwanta ka leƙa inda sufirin baya ya maƙale. Motar da ta shekara tana ɗaukar rake da buhunan masara a nan take tsagewa, kuma sabuwar walda ba ta ɓuya.

Kafin ka yi tayi, tambayi masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa a Kano ko suna da gilashin ƙofa da na gefen baya. Na mai ƙofa huɗu ba ya shiga irin su Golf, kuma na wasu ƙirar sai an sha nema. Duba lambar shasi ta dace da ta takarda.

Ka je da rana tsaka, ka tafi da mai gyaran bodi wanda ka amince da shi, ban da bakanike. In mai mota ya hana a ɗaga shimfiɗa ko a leƙa ƙasa, riƙe kuɗinka ka nemi wata.