Kiwon Tantabaru Ga Yara 'Yan Makaranta

Duk wanda ya taɓa riƙe ajin yara masu shekara 12 zuwa 15 ya san wahalarsu ba cikin aji ta ke ba. Cikin aji ga malami, ga allo, ga aiki. Wahalar tana tsakanin la'asar da magariba, sa'ad da aka tashi, yaro ya ci abinci, ya rasa abin yi. Ya wuce wasan ƙasa, bai kuwa isa zama cikin manya ba. In ba a ba hannunsa aiki ba, shi zai nema wa kansa, kuma ba kullum ya kan zaɓi mai kyau ba. Langa da ƙwallo da kokawa duk suna da amfani, ba mu raina su ba, amma da an watse sun ƙare. Abin da mu ke so mu duba a nan shi ne aikin sha'awa wanda yaro zai ce nasa ne, in ya kula da shi ya yi albarka, in ya yi sakaci ya ga sakacinsa da idonsa. Cikin irin waɗannan ba mu ga wanda ya fi kiwon tantabaru sauƙin farawa ba.

Akuya sai da turke da harawa, kaza kuwa ba ta barin shanya ta zauna lafiya. Tantabara ba ta bukatar fili. Tsohuwar tukunya da aka kafa a jikin katanga, ko akwatin katako da aka rataya ƙarƙashin rufi, ya ishi mace da namiji su fara. Yarinya ma tana iya yi cikin gida ba tare da ta fita ko'ina ba.

Sai dai a lura da abu uku wajen shirya musu ɗaki. A ɗaga shi sama inda muzuru ba ya iya tsalle, kada kuma a bar wani reshe ko itace jingine wanda ɓera ko gafiya ko maciji zai bi. Kada ƙofar ta dubi gabas, domin a ƙasarmu daga can hadari ya ke tasowa, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas ta ke zuwa. Na uku, kowace mace da mijinta a yi musu gurbi biyu, ba ɗaya ba. Dalilin wannan zai fito nan gaba.

Wajen saye a ke fara cutar yaro. Hausawa suna yi wa tantabara kirari da uwar alkawari, ba kuwa a banza ba: babba wadda ta saba da wani gida, ran da ka sake ta ran nan za ta koma inda ta fito. An sha ba da labarin mai wayon da ya sayar da tantabara guda sau uku. Saboda haka a gaya wa yaro ya sayi 'yan shila waɗanda suka fara cin tsaba da kansu amma ba su fara tashi ba, don gidan da suka koyi tashi a cikinsa shi za su riƙe. In kuwa manya ya samu, ya tsare su a rufe, yana ba su abinci da ruwa, har su yi ƙwai su kwanta a kai. Ko da haka ma wata ta kan gudu.

To, ga inda abin ya ke da daɗi ga malami. Macen ƙwai biyu ta ke yi, ta yi ɗaya, bayan kamar kwana biyu ta yi na biyun. Kwanci kwana 17 ne zuwa 19, kuma ba ita kaɗai ta ke yi ba. Namijin ya kan karɓe ta da hantsi ya zauna har wajen la'asar, ita kuma ta kwana a kai. In aka ƙyanƙyashe, 'ya'yan su kan fito ido rufe, ba gashin kirki, ba su iya cin komi. Kwanakin farko uwa da uba duka biyu suna fitar da wani farin abu mai kauri kamar kindirmo daga jakar da ke wuyansu, su ɗura musu baki da baki. Kaza ba ta yin haka, zabuwa ba ta yi. Bayan kamar mako guda sai su fara haɗa musu da tsabar da ta jiƙa a wuyansu, kafin wata guda sun cika gashi sun kusa tashi. Sau da yawa tun ba su bar gurbi ba macen ta sake yin ƙwai, shi ya sa muka ce a yi gurbi biyu: ita tana kwanci a wancan, shi yana ɗura a wannan. 'Ya'yan kuma in sun kai wata biyar ko shida su ma sun isa su nemi abokan zama.

Kada malami ya karanta wa yara wannan duka su haddace, zai ɓata abin. Ya ba kowane yaro ɗan littafi, ya ce ya rubuta ranar da ya ga ƙwan farko, da ranar na biyu, da wanda ya tarar a kan ƙwai da safe da rana da dare, da ranar da aka ƙyanƙyashe. Yaron da ya ƙirga kwana 18 da kansa ba ya mantawa. Akwai kuma wata magana da kowa ke faɗi, wai 'yan shila biyu na gurbi ɗaya kullum mace da namiji ne. Ba kullum ba ne, a kan sami maza biyu ko mata biyu. Amma kada a gaya musu. A bar su su ɗaura wa kowane ɗan shila zare mai launi a ƙafa, sako-sako yadda ba zai ci masa fata ba, su jira wata shida, su zo su gaya mana.

Abincinsu dawa da gero da masara, da ɗan wake in sun sami 'ya'ya. Babba guda tana cin wajen giram 30 a yini, watau mace da namiji giram 1,800 a wata mai kwana 30, in suna ɗura kuwa ya fi haka. Ga lissafi ya zo har gida: mudu nawa ke nan, nawa a ke sayar da mudu a kasuwa, 'yan shila nawa za a sayar kafin kuɗin ya dawo? Ba su da haƙora, da ƙundu su ke niƙa, don haka a ajiye musu 'yan tsakuwa da dakakken ɓawon ƙwai da ɗan gishiri kaɗan. Ruwa a sake shi kowace safiya cikin kasko mai ɗan zurfi. A sa yara su dubi yadda su ke sha: kaza sai ta ɗaga kai kafin ta haɗiye, tantabara kuwa tsoma baki ta ke yi ta zuƙa kamar doki.

Kaskon nan na ruwa shi ne babbar hanyar cuta. Akwai wani ciwo da ke sa musu abu rawaya-rawaya cikin maƙogwaro, ta ruwan sha ya ke yaɗuwa, iyaye kuma su ɗura wa 'ya'yansu. Wadda aka ga ta takure ta daina ci a ware ta nan da nan, a wanke kasko. Kashinsu in ya bushe ƙurarsa tana cutar da huhun mutum, saboda haka a yayyafa ruwa kafin a share, a wanke hannu bayan an gama. Kada a zubar, taki ne mai ƙarfi, a tara shi ya ruɓe tukuna a kai lambun makaranta.

Yanzu sai maganar da ta fi nauyi. Dattawa da yawa ba su son ganin yaro da tantabaru, kuma duk wanda ya yi karatu a zaure ya san ba haka kawai su ke ƙi ba. Cikin littafin Abu Dawuda akwai hadisin da ya zargi wani mutum da aka gani yana bin tantabara. Malamai sun bayyana cewa abin zargin shi ne mai da su wasa, mutum ya wuni yana kora yana kallon sama har salla ta wuce shi, amma kiwo don 'ya'ya ko don aika takarda ba laifi. Mu a ganinmu tsoron dattawan nan yana da tushe. Mun san yadda abin ya kan lalace: yaro ya hau soro yana leƙen gidan maƙwabta, ko tantabarar wani ta biyo nasa ya rufe ta ya ce tsuntsu daga sama gasasshe, ko a fara caca a kan wadda za ta riga dawowa. Malamin da ya kafa kiwo bai sa doka ba shi ya jawo wa kansa. Dokar kuwa gajera ce. Ba hawan soro, baƙuwa a mai da ta ga mai ita a ranar, ba caca, lokacin ciyarwa sananne safe da yamma. Ya kamata malami ya je da kansa ya gai da uban yaro ya karanta masa dokar kafin a sayi ko ɗaya, domin uban da aka shawarta ya kan zama shi ne mai tsaro.

In yara suka ce kiwon tantabaru aikin ƙanana ne, akwai abin gaya musu. Sarki Baibars, wanda ya mallaki Misira da Sham daga 1260 zuwa 1277, da tantabaru a ke kai masa labarin iyakar ƙasarsa. A 1850 Julius Reuter ya yi amfani da su wajen kai labarin kasuwa tsakanin Brussels da Aachen, inda wayar tangaraho ba ta haɗu ba tukuna, kamfanin labarai mai sunansa kuwa har yau yana nan. Da Jamusawa suka kewaye Paris a 1870, cikin balan-balan mai ɗaukar mutane a ke fitar da tantabaru, a ɗaura musu takardu su komo da su cikin birni. Ran 18 ga Oktoba 1943, a Italiya, sojan Ingila suka ci wani ƙauye tun kafin lokacin da aka shirya, alhali jiragen sama na gefensu suna shirin zuba wa ƙauyen bom. Wata tantabarar sojan Amurka mai suna G.I. Joe ta yi mil 20 cikin minti 20 da takarda, aka tsai da jiragen. Charles Darwin ma, da ya so ya gane yadda iri ke sakewa, kiwon tantabaru ya shiga a 1855, ya nuna cewa duk ire-iren na gida daga tantabarar dutse guda suka fito.

Yadda su ke gane hanya masana sun daɗe suna bincike. An tabbata suna duban rana. A 1971 wani malamin Amurka, William Keeton, ya ɗaura wa waɗansu ɗan maganaɗisu, ya ga ran da gajimare ya rufe rana sun rikice, ran da rana ta fito kuwa sun tafi sosai. Yara suna iya gwada nasu gwargwado: a sa biyu cikin kwando a kai su mil guda da safe kafin su ci, a sake su, wani yana gida yana duban agogo. Mako na gaba mil biyu, ta wata fuska dabam. Kada a kai wadda ke kwanci ko ɗura. Shaho zai ɗauki rabonsa wata rana, gara a gaya wa yaro tun da wuri.

Saura abu biyu da ya kamata a yanke tun ranar farko. Tantabaru suna yawa da sauri, ɗaki kuwa ba ya ƙaruwa, saboda haka a ƙayyade adadi, abin da ya haura a sayar ko a yanka tun suna 'yan shila, kuɗin a rubuta cikin littafin mai su. Na biyu shi ne hutu. A makarantar kwana yara su kan watse makonni, tsuntsun da ke rufe kuwa ba ya jira, hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha duk mun san shi. Kafin a ba da hutu a rubuta sunan yaran cikin gari biyu da za su riƙa zuwa bi da bi, a auna tsabar kwanakin duka a damƙa wa malamin da ke kwana kusa, a kuma yarda tun yanzu cewa 'yan shilan da aka ƙyanƙyashe cikin hutu rabinsu na masu zuwan ne.